Wasiƙa daga Ohayo: akwatin magani mai makulli

Yaya, ina gaisuwa, ina fatan su Inna suna lafiya. Kin tambaye ni yadda asibitin Amurka yake. Tsada kam ba a magana, in ba ki da inshora motar ɗaukar marasa lafiya kaɗai sai ta lashe albashin wata. Amma wani abu daban ne ya tsaya mini a rai.

A gidan da nake aikin jinya a Kolumbus akwai dattijon da ciwon daji ya ci ƙarfinsa, kuma ya yi shekaru yana allurar hiroyin kafin ya daina. Likitarsa fanni biyu ta haɗa: sauƙaƙa wa mai ciwon ajali raɗaɗi, da kula da masu shaye-shaye. Na farkon a 2006 aka amince da shi a matsayin ƙwarewa mai zaman kanta, na biyun sai 2016, kuma kowanne shekara guda ake ƙarawa bayan horon likita. Da na ji, cewa na yi me ya haɗa kifi da kaska? Ashe magani ɗaya ne a tsakani. Mofin ɗin da ke kwantar da ciwo danginsa ne suka addabi ƙasar nan, inda a 2022 mutum sama da 100,000 suka mutu saboda ƙwaya ta yi musu yawa.

Likitar ba ta hana dattijon mofin ba, ba ta kuma yi masa wa'azi ba. Na mako guda take rubutawa, a zuba a akwati mai makulli, ma'aikaciyar jinya ta zo ta ƙirga. Kan firji akwai Narcan, abin fesawa a hanci in ƙwayar ta yi yawa har numfashi ya tsaya. Tun 2023 ake sayar da shi ba takardar likita. Ranar da ƙwaya biyu suka ɓace, kujera likitar ta ja ta zauna, ta ce, "Ciwon ne ya ƙaru, ko kwaɗayin ne ya dawo?" Ya daɗe yana kallon silin kafin ya ce duka biyun.

Nan na tuna Baba. Kin san daren da muka zaga kemis-kemis da takardar mofin a hannu, kowa ya ce babu, amma yaron shagon ƙarshe ya miƙo mana taramol ko takardar bai duba ba. Har asuba muna jin nishinsa ta bango.

Ki gaishe da Inna. Kuɗin maganin hawan jininta na turo ranar Talata.