Sharhi: Alƙalamin Feshi da Kwamfuresa Mai Tanki Wajen Fentin Ƙananan Jirage

Duk wanda ya daɗe yana harhaɗa ƙananan jiragen sama da tankokin yaƙi na roba ya san inda buroshi yake tsayawa. A kujerar matuƙi, da tayoyi, da ƙananan bindigogi, babu abin da ya kama ƙafarsa. Amma da zarar an zo kan fiffiken jirgi mai ma'aunin 1/48 (wato tsawonsa kashi ɗaya cikin 48 na ainihin jirgin), ko gangar jikin tanka mai ma'aunin 1/35, sai sawun gashin buroshi ya fito ɓaro-ɓaro, fenti ya yi kauri ya binne siraran layukan da aka zana a jikin robar. Wannan ne ya kai ni ga feshi. Na daɗe yanzu ina aiki da kaya biyu: alƙalamin feshi na Iwata Eclipse HP-CS, da wata kwamfuresa mai tankin iska na lita 3, irin waɗanda ake sayarwa da sunaye barkatai alhali ƙirarsu ɗaya ce.

Ra'ayina tun daga farko shi ne, mai shirin shiga wannan harka ya fara tunanin iska kafin ya yi tunanin alƙalami. Yawancin mutane alƙalamin suke ɗokin gani, domin shi ne mai ƙyalli, shi ake riƙewa a hannu. To amma komai kyansa, abin da kwamfuresa ta turo masa shi zai fesa.

Kwamfuresar da ba ta da tanki tana tura iska ne kai tsaye daga fistin zuwa tiyo. Kowane bugu na fistin yana zuwa da nasa ɗan ƙarfi, saboda haka iskar takan fito da ɗan rawa. Idan kana shafe babban wuri ba lallai ka lura ba. Ranar da ka zo jan siririn layi na ɓad-da-kama a jikin jirgi, a nan za ka ga layin yana kauri yana sirancewa ba da izininka ba. Ga shi injin ba ya hutawa muddin kana feshi, sai ya yi zafi, iska mai zafi kuwa tana ɗauke da danshi, idan ta huce a cikin tiyo sai ta zama ɗigon ruwa. Wanda bai taɓa ganin ruwa ya tsartu a kan fentin da ya kusa gamawa ba, ba zai gane ɓacin ran da ake ciki ba.

Tanki ya magance mini kusan duk wannan. Tawa takan cika tankin har matsin ya kai bar 4, sai ta kashe kanta. Ina ta feshi shiru, ba ta sake tashi sai matsin ya sauko bar 3. Tun da ni da kaina ba na wuce bar 1 zuwa 1.5 a yawancin aiki, wato wajen psi 15 zuwa 20, iskar da ke isowa hannuna daidai take daga farkon layi har ƙarshensa. A bakin tankin akwai makunnin daidaita matsi da agogonsa, ƙarƙashinsa kuma da ɗan kofi mai garai-garai da ke tare ruwa. Akwai wani abu da ba kowa ke faɗa wa sabon shiga ba: a daidaita matsi ne yayin da aka danne kunamar alƙalami, wato madannin da ke samansa, iska tana fita, domin allurar agogon takan ɗan sauka da zarar an fara feshi. Lambar da ka gani iska na tsaye ba ita ce za ta taɓa fentinka ba.

Kwamfuresar tana da nata aibun. Idan ta tashi cika tanki ba zato, ƙarar takan sa hannu ya motsa, musamman idan ka nutse cikin aiki mai laushi. Ƙarar ba ta kai ta hana magana ba, amma a kan tebur takan girgiza komai, har kwalaben fenti su riƙa kaɗawa. Na sauke ta ƙasa na ɗora ta a kan tabarmar roba mai kauri, aka samu sauƙi sosai. Kan injin yakan yi zafin da ba a son taɓawa idan zaman ya yi tsawo. Tiyon da ya zo da ita ma bai burge ni ba, yana da taurin kai, kullum yana jan alƙalami baya, sai da na canza shi da mai saƙar zare a jiki. Sannan akwai ɗan noti a gindin tankin da ake kwancewa a zubar da ruwan da ya taru. An sa shi a wurin da sai ka karkata injin gaba ɗaya kafin yatsa ya kai, amma dole a riƙa yi, don tankin ƙarfe ne, ruwa in ya kwana a ciki tsatsa ce za ta biyo baya.

Gwangwanin iska da ake sayarwa a madadin kwamfuresa ba na ba kowa shawararsa. Yana yin sanyi ana cikin aiki, matsinsa ya faɗi, kuma ya ƙare a lokacin da ba ka shirya ba.

Shi kuwa alƙalamin, abubuwa uku ne suka sa na zauna a kansa. Na farko, kofin fentinsa a sama yake, fenti yana gangarowa da nauyinsa. Wannan yana nufin ɗigo uku ko huɗu ma sun isa a yi aiki, kuma ba ya buƙatar iska mai ƙarfi kamar irin wanda ke zuƙo fenti daga kwalba ta ƙasa. Mai fentin ƙananan abubuwa da ke canza launi akai-akai, wannan ya fi masa. Na biyu, kunamarsa aiki biyu take yi: ka danna ƙasa iska ta fito, ka ja baya allurar da ke toshe bakin alƙalamin ta janye fenti ya biyo, gwargwadon yadda ka ja. Da farko yatsa yakan ruɗe. Ƙa'idar ita ce iska ta fara fita, ita kuma za ta zama ta ƙarshen tsayawa. Idan ka saki iska kafin ka mayar da allura, fenti zai taru a baki, dannawa ta gaba ya watso maka shi a kan aiki.

Na uku shi ne girman nozul, wato ɗan bakin da fenti ke fitowa ta cikinsa, kuma a nan nake son a tsaya a yi tunani. Na wannan alƙalamin milimita 0.35 ne. Mutane da yawa suna ganin tun da abin da za su fesa ƙarami ne, to 0.2 ko 0.15 ya kamata su nema. A takarda haka ne. A aikace, ƙaramin nozul ba ya yafiya: fenti ya ɗan yi kauri kaɗan ya toshe, fentin share fage, wanda ake fara fesawa kafin launi, da fenti mai ƙyallin ƙarfe kuwa da kyar suke wucewa. Da 0.35 ina fesa share fage, in fesa launin jiki, in fesa abin rufewa na ƙarshe, kuma idan na rage iska na matso kusa sosai ina samun layi siriri da ya ishe ni. Wanda aikinsa manyan jiragen ruwa ne ko shafe faffaɗan wuri, 0.5 zai fi masa daɗi, kamar wanda ke kan Badger Patriot 105 na Amurka. Sai dai a lura, bakin ɗaurin tiyo na Badger ya bambanta da na inci 1/8 da Iwata da yawancin kwamfuresoci suke amfani da shi, don haka ana buƙatar ɗan mahaɗi a tsakani.

Abin da ya fi kwanta mini a rai game da Eclipse shi ne wanki. Nozul ɗinsa babba ne, ba ɗaure shi ake yi da ƙaramin sifana ba, zura shi kawai ake yi murfi ya danne shi. Kamfanin Harder & Steenbeck na Jamus ma haka yake ƙera nasa. Wanda ya san yadda ɗan ƙaramin nozul mai zare yake karyewa idan aka ɗan matsa shi fiye da kima, zai san darajar wannan. Bayan kowane launi ina zuba ruwan wanki a kofi, in fesar, in maimaita har ya fito fes. A ƙarshen zama ina zare allura in goge ta daga gindi zuwa tsini. Tsinin nan shi ne ran alƙalamin: in ya lanƙwashe ko da ido ba ya gani sosai, feshin zai karkace, zai iya kuma tsaga nozul. Ruwan wanki mai sinadarin amoniya ba na barin sa ya jima a ciki, domin yana cin tagulla da ƙyallin da aka lulluɓe ta da shi.

Yawancin abin da ake ɗora wa alƙalami laifi, a gaskiya sirkin fenti ne. Ana so ya yi ruwa-ruwa kamar madara, idan ka shafa shi a bangon kofi ya gangaro ya bar ɗan launi a baya. In ya fito yana yatsu-yatsu a kan roba, ko ya cika ruwa ne, ko iska ta yi yawa, ko ka matso da yawa. In ya sauka da gari-gari, ka yi nisa ne har ya bushe a hanya. In kuma kumfa ta fara tasowa a cikin kofi, duba nozul, ko ya toshe ko murfinsa bai zauna ba. Fentin akirilik na ruwa yana da halin bushewa a tsinin allura ana cikin aiki, kowane alƙalami kuwa haka yake yi da shi. Ina ajiye ɗan soso mai danshi a gefe ina tsinke busasshen da shi, ina kuma ƙara ɗigon maganin jinkirta bushewa a cikin sirkin.

Maganar numfashi ba ta wasa ba ce, kuma tana cikin lissafin sayen kaya. Feshi yana mayar da fenti ƙura mai laushi da ke yawo a ɗaki, ko da na ruwa ne. Fentin da ake sirkawa da tina mai ƙarfi kuwa, takunkumin ƙura na takarda ba ya tare tururinsa, sai takunkumi mai matatar gawayi da aka yi don tururin sinadarai. Ni ba na kunna kwamfuresa sai na sa nawa, na kuma kunna akwatin feshi mai fanka da ke fitar da iska ta taga.