Manhajar da ake saukewa ko wadda za a gina miki? Amsa ga Hajiya mai shago a Kejetia

Salamu alaikum jama'a. Jiya da daddare Hajiya ta yi tambaya, tace tana da shagon sari a kasuwar Kejetia da wani ƙarami a Aboabo, duk a nan Kumasi ta ƙasar Ghana, shinkafa da suga da man girki take saidawa, wani yaro ɗan Tech, wato jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, yazo yace zai gina mata manhaja tata ta kanta, ɗanta kuma yace ɓarnar kuɗi ne, kawai ta sauke wadda ke cikin waya. Wanne ya fi? Naga kowa na jan nasa, to bari nima in sa baki tunda da rubuta manhaja nake cin abinci.

Hajiya abin kamar rigar kanti ne da ɗinkin tela. Ta kanti yau kika saya yau kika saka, ko hannu ya ɗan yi tsawo haka za ki haƙura. Ta tela kuma daidai jikinki, amma sai kin jira, sai kin biya da tsada, kuma kin san halin teloli in sallah ta matso.

Mu fara da ta saukewa. Akwai irin su Loyverse, kyauta ce in dai saidawa da buga risit da ganin abin da ya rage a sito kike so, tana aiki ko netwok ya ɗauke, in ya dawo sai ta tura lissafin, wanda a ƙasar da dumsor, wato yawan ɗauke wuta, bai gama barin mu ba ba ƙaramin abu bane. Shago biyun duka za ki gani a waya ɗaya kina zaune a gida. Amma in kika ce kina son lissafin sito mai zurfi ko bin diddigin yaran shago, nan za su ce ki biya duk wata, kuma da dala, ke kuma da sidi kike ciniki, duk randa sidi ya yi ƙasa kuɗin ya hau ba tare da an ƙara miki komai ba. Akwai kuma Odoo, ta wani kamfani ce a Beljiyam, ta fi girma sosai, ita ma tana da ɓangaren kyauta, sai dai gaskiya sai kin samu wanda ya iya ya saita miki, ba abin da za ki ba yaron shago bane kice jeka ka ƙware.

Inda waɗannan ke matse mu shine ba da kasuwarmu aka auna su ba. Wanda ya rubuta su bai taɓa ganin an farke buhun shinkafa ana aunawa da olonka, gwangwanin awonmu, ba, bai san matar da ke dafa wake da shinkafa a Asawase tana ɗaukar buhu biyu ranar Litinin ta biya rabi ranar Alhamis ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, sauran kuma ta aiko ɗanta da shi a hannu ranar Asabar, wani lokacin ma da lambar mijinta kuɗin zai shigo, sunan da ya fito a wayarki daban da wanda ke littafi. Kasuwar sari a nan rabinta bashi ce da amana. Na taɓa zama a wani shago a Alabar ina kallo, maigidan na da manhaja a kan tebur amma littafin bashi na ƙarƙashin teburin, bangonsa duk ya sha mai, kuma duk wanda ya shigo littafin ake buɗewa. To kinga manhajar ado ce kawai a wurin.

Nan ne ginanniyar ke da amfani. Tun 2009 MTN ta kawo MoMo, a 2018 aka haɗa layukan yadda kuɗi zai tsallaka daga wannan kamfani zuwa wancan, E-Levy, harajin tura kuɗi ta waya da aka ɗora mana a 2022, ma an cire shi a 2025, yanzu kwastomomi da yawa ta waya suke biya. Mai rubuta manhaja zai iya haɗa taki da kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet irin Hubtel ko Paystack, kuɗi na shigowa ya sauka kan sunan mai bashin da kansa, ranar da alkawari ya cika saƙo ya tafi masa ba sai kin kira kin ji kunya ba. In kin san wa ke biya kan lokaci kin san wa za ki ƙara wa kaya, in kin san me ya fi tafiya a Aboabo ba za ki kwashe kuɗi ki jibge a kayan da zai kwana wata uku ba. Bunƙasar kasuwanci daga nan take zuwa. Ko Farmerline, kamfanin fasaha mai aiki da manoma da aka kafa a nan Kumasi a 2013, abin da ya ɗaga su shine sun lura manomi bai karanta saƙon rubutu, sai suka gina abin da zai kira shi ya yi masa magana da yarensa.

Amma fa Hajiya, ginawa ba a gamawa. Kuɗin da yaron ya faɗa miki na fara aiki ne. Akwai hayar inda za a ajiye bayanan a intanet, akwai gyara duk sanda wani abu ya canza, in za a sa ta a Play Store Google na karɓar dala 25 sau ɗaya, Apple kuma dala 99 duk shekara, ko da yake ke ba ki ma buƙatar wannan, wadda ake buɗewa a burauza kamar shafin intanet ta ishe ki. Babban haɗarin kuma mutum ɗaya ne ya san cikinta. Ni kaina an taɓa kirana wani shagon kayan mota, wanda ya gina musu ya samu hanya ya yi ƙasar waje da kalmar sirrin komai a kansa, hayar ta ƙare, lissafin shekara guda ya bi ruwa, na zauna ina kallon allon kwamfuta ba abin da zan iya. Wallahi ranar maigidan ko abincin rana bai ci ba. Ba wai yaron mugu bane, hankalinsa ne ya koma wani wuri.

Ni dai da nine ke, zan sauke ta kyautar in yi wata uku ko huɗu da ita, a shigar da kowane kaya, yaran su saba da danna waya kafin su miƙa kaya, don in ba su saba ba ko manhajar zinare aka kawo za ta mutu. Ki ajiye takarda a gefe, duk inda ta gaza ki rubuta. In bayan nan takardar ba komai, kin huta. In kuma kin ga bashi ne ke ta maimaituwa, ki kira ɗan Tech ɗin ya gina wannan ɓangaren kaɗai, kar ya ce zai gina komai da komai.

In za ku yi cinikin, a rubuta a takarda da shaidu: asalin rubutun manhajar naki ne, duk asusun da za a buɗe da imel ɗinki da lambarki za a buɗe, a biya shi kashi-kashi gwargwadon abin da kika gani yana aiki, sannan kowane mako ki iya fitar da lissafinki a Excel ki ajiye. Tunda kuma sunaye da lambobin mutane za ki tara, dokar kare bayanai ta 2012 ta hau kanki, akwai rajista da hukumar kare bayanai. Ki ɗauko min hoton shafi ɗaya na littafin bashin, ki rufe sunayen da yatsa ko takarda, in ga yadda kike rubutawa.