Steam a falo: hannu ko kibod, da batun raba wasa tsakanin 'yan gida

Duk wanda ke da laftof mai ɗan ƙarfi da talabijin a falo kuma yana tunanin sai ya tara kuɗin PS5 kafin ya more gem a babban allo, to ya ɗan dakata tukuna. Wayar HDMI guda ɗaya da hannun gem da Steam, shikenan an gama, kuma na daɗe ina amfani da wannan haɗin a gidanmu shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani, daɗinsa da ciwon kansa.

Steam dai manhaja ce ta saye da buga wasanni a kwamfuta, ta kamfanin Valve na Amurka, tun 2003 yake. Abin da ya shafi falo a cikinsa shi ne Big Picture, wanda suka kawo a 2012, wato yanayin da komai zai koma manyan hotuna da manyan rubutu yadda kana kishingiɗe a kan kujera za ka zaɓi wasa da hannu ba sai ka taso ka nemo mawus ba. Na da ɗin gaskiya ya tsufa, nauyi gare shi, amma a 2023 suka cire shi suka sa irin fuskar da ke kan Steam Deck, ƙaramar na'urarsu ta gem da ake riƙewa a hannu, kuma tun daga nan abin ya yi kyau sosai. Akwai wurin da za ka saita Steam ya riƙa buɗewa kai tsaye a Big Picture da zarar kwamfuta ta tashi, idan ka yi haka ko ƙaramin yaro zai iya kunnawa. Abu biyu kawai nake tunasar da mutane, ka shiga saitin talabijin ɗinka ka kunna Game Mode domin in ba haka ba za ka danna buga ƙwallo sai ɗan wasan ya yi kamar yana shawara kafin ya buga, sannan ka duba sauti ya koma talabijin, don sau da yawa hoto na can a bango murya kuma na fitowa daga 'yar sifikar laftof.

Kuma a nan laftof ta fi PS da abu ɗaya da Bature ba zai taɓa sa shi a talla ba: batir. A ɗauke wuta ana tsakiyar wasa talabijin ya mutu, wasan yana nan da ransa a kan laftof, ka danna tsayawa ka jira a tada janareta ko a juya inbata.

Yanzu rigimar hannu da kibod. Masu kibod suna da gaskiyarsu kuma ba na musu da su, wasan harbi irin Counter-Strike 2 ba abin da zai kamo mawus wajen saiti, haka wasannin gina gari da yaƙi irin Age of Empires ko Civilization inda kake ta danne-danne a ƙananan wurare. Amma duk wannan maganar tebur ce. A falo ina za ka ajiye kibod ɗin? Na ga ƙanina ya ɗora kibod a cinya, mawus kuma a kan hannun kujera yana ta zamewa, daga baya ya ɗauko tiren shayi ya kifa shi a kan filo wai ya samu tebur, bai yi nisa ba bayansa ya ƙage ya sauko ƙasa ya zauna dab da allo. Kibod na mutum ɗaya ne, falo kuma wurin jama'a ne, wanda aka ci ya miƙa hannu wa na gaba, ana ihu ana tsokana. eFootball, Tekken, Mortal Kombat, wasan tseren mota, duk waɗannan da hannu aka gina su kuma duk wanda ya taso yana zuwa gidan gem yatsunsa sun riga sun haddace inda kowane maɓalli yake.

Inda Steam ya burge ni a nan shi ne ba ya zaɓen hannu. Na Xbox, na PS4, na PS5, har na Nintendo Switch duk yana karɓa ta hanyar abin da suke kira Steam Input, kuma za ka iya sauya aikin kowane maɓalli ko ka ɗauko tsarin da wasu 'yan wasa suka riga suka yi suka ajiye. Na Xbox shi ne mafi sauƙi a kan Windows, ka jona kawai ya kama, sai dai batir AA yake ci in ba ka sayi mai caji ba. Na PS4 kuwa shi ya fi yawa a hannun mutane a nan, matsalarsa ɗaya wani lokaci wasa zai nuna maka A da B alhali kai kana ganin X da O a hannunka, sabon shiga sai ya rikice. Sai kuma jabu, kasuwa cike take da su. Na taɓa sayen wani a wani shago, kwalinsa tsaf, bai daɗe ba sandar hagu ta fara tafiya da kanta, ɗan wasa na tsaye sai ka ga ya nufi layin jifa ba wanda ya aike shi. In za ka saya ka tafi da laftof ɗinka ka gwada a gaban mai shagon. Kuma ka ajiye ƙaramin kibod maras waya a kusa ko da ba ka wasa da shi, domin akwai wasannin da sai sun buɗe wata taga ta daban suna neman faswod kafin su tashi, da hannu sai ka sha wahala a nan.

Toh babban abin da ya sa na yi wannan rubutu shi ne Steam Families. Tsohon tsarinsu na raba wasa haushi yake ba mutane, da zarar mai asusun ya buɗe wasa ɗaya to duk sauran wasanninsa sun kulle ga kowa. A watan Satumba 2024 suka saki sabon ga kowa da kowa, yanzu mutum shida ne za su haɗu, wasannin kowa su zube wuri ɗaya, kai kana naka a falo ƙanwarka na wani wasan daga cikin naka a ɗaki a lokaci guda ba wanda ya kori wani. Kowa da inda ya tsaya a wasansa, ba wanda zai goge wa wani wahalarsa. Sai dai kwafi ɗaya mutum ɗaya ne a lokaci guda, in ku biyu kuna son wasa iri ɗaya kowa a kwamfutarsa to sai an sayi na biyu. Ga wanda ke biyan wasa da dala yana kallon canjin naira wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, kuma kyauta ne, ba kuɗin wata.

Akwai kuma ɓangaren yara, babba zai iya zaɓar wasannin da yaro zai gani, ya sa masa lokacin da zai yi wasa, in yaron yana son sayen wani abu sai dai ya turo buƙata a amince ko a ƙi. Mai gidan da ke faɗa da yara kullum a kan lokacin islamiyya zai gane amfaninsa.

Amma fa wanda ya tsara wannan abu gidan Bature ya kalla. Shida! A gidan da ke da sassa uku ko huɗu, da 'ya'yan baffa da na yaya, shida ko yaran sashe ɗaya ba su ƙare ba. Kuma ba za ka ce yau wannan gobe wancan ba, don in ka shiga wani iyali sai an cika shekara guda daga ranar da ka shiga kafin ka iya shiga wani, gurbin da ka bari shi ma ba a cike shi nan take, yana da nasa jiran na shekara. Saboda haka gurbin nan kamar ba da auren 'ya ne, sai ka yi bincike kafin ka ce na ba ka. Abin da ya fi ban tsoro, in wanda ka sa ya yi maguɗi a wasan intanet da kwafinka aka kore shi, kai ma mai wasan an kore ka daga wannan wasan. Duk gidan da ke da yaro mai son sauke 'yan manhajojin cuta daga YouTube ya san wanda nake nufi, kar ka sa shi, ko Hajiya ce ta sa baki. Sannan Valve sun ce na mutanen gida ɗaya ne, don haka yayanka da ke karatu a Masar ko Malesiya kar ka yi masa alƙawari, tura gayyatar na iya dawowa da cewa ba a ga alamar kuna gida ɗaya ba. Kuma ba kowane wasa ke shiga rabon ba, masu wasan suna da ikon hana nasu, musamman waɗanda ke neman sai ka buɗe wani asusu na kamfaninsu daban, kafin ka biya ka duba shafin wasan ko an rubuta Family Sharing a gefe.

Data ma abin magana ce, wasannin yanzu wani ya haura giga 100, in kowa a gidan zai sauke nasa ai an shiga uku. Abin da muke yi mutum ɗaya ya sauke da dare, sauran su jawo daga kwamfutarsa, Steam na da wannan tsarin na tura wasa tsakanin kwamfutoci da ke kan Wi-Fi ɗaya, sai ka shiga saitin saukewa ka ba da izini, ko kuma a kwafa a hard disk a zagaya da shi. Sabunta wasa ita ma tana cin data, ka kashe ta atomatik ɗin in ba haka ba ka wayi gari data ta tafi.

Ni dai in za a tambaye ni, falo na hannu ne, kibod ya zauna a ɗaki. Steam Families kuma ku buɗe shi, amma a zauna a yi lissafin mutum biyar ɗin da za ka ƙara a kanka tun kafin labari ya kai kunnen sauran yaran gidan.