Khartoum, Jidda ko ƙetare: ina za ka kai karatun siyasar tattalin arziki?

Ɗan ƙanwata ya gama digirin farko a tattalin arziki, ya same ni a gida nan Jidda bayan isha'i ya ce, "Kawu, koyarwa nake so in yi a jami'a, ina zan nufa?" Shayi ya huce ba mu gama magana ba. Abin da na gaya masa shi nake rubutawa, don na san ba shi kaɗai ke wannan lissafi ba.

Da farko ka san hajar da kake taya. Wannan fanni tambayarsa ita ce: wa ya kafa doka, wa ke cin moriyarta, kuma me ya sa ƙasa biyu masu arziki iri ɗaya, ɗaya ta ci gaba ɗaya ta durƙushe? Douglass North ya samu kyautar Nobel a 1993 kan bayanin cewa dokoki da al'adun mu'amala su ke juya tattalin arziki. Elinor Ostrom ta samu a 2009, mace ta farko a fannin, saboda ta nuna yadda jama'a ke iya kula da ruwa da makiyaya da daji da kansu ba tare da sun cinye su ba. Wanda ya taso yana jin rigimar rabon ruwa a gonakin Jazira, babban aikin noman rani na Sudan, ya riga ya san rabin darasin.

Shi ya sa na fara masa da Sudan, duk da halin da ake ciki. Jami'ar Khartoum tana da tsohuwar kulliyar nazarin tattalin arziki da zamantakewa, Jami'ar Jazira kuma da aka kafa a 1975 tana Wad Madani, a tsakiyar aikin noman da ya fara da madatsar Sinnar a 1925. Duba abin bincike a nan: an fara da rabon kuɗin auduga, manomi ya ɗauki kashi 40 cikin 100, gwamnati da kamfanin Turawa su raba saura, a 1950 hukumar gwamnati ta karɓi ragama, dokar 2005 ta ba manomi damar zaɓen abin da zai shuka, ta kuma kawo ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. A duk waɗannan sauye-sauye, ina matsayin kakanninmu da suka tsinci audugar, galibinsu ba su da hawasha, wato gonar da ake yanka wa manomi, ta kansu? Bature zai shekara yana koyon harshe kafin tsohuwa a Mai Wurno, garin Hausawa da Fulani kusa da Sinnar, ta saki jiki da shi, kai kuwa sallama kawai za ka yi. Aibin wannan zaɓi a fili yake. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tarwatsa malamai, ya lalata gine-gine da ɗakunan karatu, albashi kuma ba ya kai wata. Kafin ka biya ko fam ɗaya, ka tabbatar malamin da zai duba aikinka yana nan, kuma yana amsa saƙo.

Saudiyya ta fi kwanciyar hankali da kayan aiki. Jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda tana da cibiyar tattalin arzikin Musulunci, wadda ta biyo bayan babban taron da aka yi a Makka a 1976, Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ma a Jidda yake, yana kuma ba da tallafin karatu. Mai sha'awar waƙafi da zakka da tsarin bankuna ya faɗo daidai, domin waƙafi kansa babban misali ne na yadda doka ke raya dukiya ko ta daskarar da ita. Sai dai abu biyu. Ɓangaren tattalin arziki ya fi ɓangaren siyasa sarari, ba kowace tambaya ake yi da ƙarfi ba. Sannan gurbin mu'id, wato matakin farko na shiga koyarwa, na ɗan ƙasa ne. Mai iƙama, wato baƙo mai takardar izinin zama, in ya samu aiki, kwantiragi ne da ake sabuntawa. Ɗan ƙanwata an haife shi a nan, amma fasfonsa na Sudan ne, don haka na ce ya ɗauki Jidda wurin karatu, kada ya kafa mata rai a matsayin wurin yin ritaya.

Akwai hanyar da yaranmu ba su cika sani ba: ƙungiyar binciken tattalin arzikin Afirka, AERC, da aka kafa a Nairobi a 1988, tana haɗa jami'o'in Afirka su koyar da majistir da daktora tare, Ibadan na cikinsu. Cibiyar binciken tattalin arziki ta ERF da ke Alƙahira kuma tana ɗaukar nauyin bincike kan ƙasashen Larabawa. Kuɗi kaɗan, horo mai tsanani.

Ingila da Amurka kowa ya san darajar takardarsu. Abdalla Hamdok, tsohon Firaministan Sudan, a Manchester ya yi daktora. Amma in babu cikakken tallafi irin na Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda shi ma majistir na shekara ɗaya kawai yake biya, kada ka sa a sayar da gida.

Hanyoyi biyun ƙarshe duk Turanci da lissafi suke nema, kuma a nan ne wanda ya yi karatu da Larabci ke tuntuɓe. Mujallun da ke ɗaga malami daga ustaz musa'id zuwa ustaz musharik, wato matakan da ke ƙasa da farfesa, yawancinsu da Turanci suke fita. Shawarar da muka tsaya a kai: ya ba Turanci da ilmin ƙididdiga shekara guda, ya nemi majistir a Jidda tunda iyayensa na nan, ya rubuta kundinsa kan rabon ruwa a Jazira, sannan da wannan kundin ya buga ƙofar daktora a waje. Ya riga ya kira baffansa a Sinnar ya tambaye shi wa ke buɗe bakin magudana a garinsu yanzu.