Kyamara ta hannu ko sabuwar waya, don duwatsun Al-Ula

Alhaji, Allah ya sa a yi Umara karɓaɓɓiya. Tunda ka ce daga Madina za ka zarce Al-Ula don hoton fitowar rana, kuma kuɗin abu ɗaya ne a hannu, to bar zancen sabuwar waya, nemi kyamara ta hannu, wato wadda wani ya taɓa amfani da ita.

Tawa Nikon D750 ce, ƙirar 2014, megafiksel 24. Tokumbo na saye ta a Ikeja, da ita nake ɗaukar biki da suna daga Agege har Idi-Araba, kuma da ita na je Al-Ula. Bayan sallar Asuba na kafa ta a kan sandarta mai ƙafa uku a bakin wani kwazazzabo, sanyi yana cin yatsu. Rana ta fara taɓa kan duwatsun, suka yi ja kamar garwashi, ƙasan kuwa duhu ɗunɗum. A ƙaramin allon kyamarar hoton bai yi kama da abin arziki ba, rabinsa baƙi ƙirin. Sai da na dawo Legas na buɗe shi a Lightroom, manhajar gyaran hoto, na ja inuwar sama kaɗan, sai ga sawun raƙumi a kan yashi, ga layin da iska ta zana a jikin dutse, har da wata 'yar bishiyar ƙaya da ni kaina ban lura da ita ba a wurin.

Wahalar kwazazzabo ke nan da sassafe: sama haske ya yi yawa, ƙasa babu shi. Babbar sensa, wato abin da ke kama haske a cikin kyamara, da fayil ɗin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, su ke riƙe duka biyun. RAW ɗin wannan kyamara bit 14 ne, JPEG kuwa, wato hoton da aka saba da shi, bit 8, shi ya sa idan ka matsa wa JPEG da gyara sai ya dagule. Saboda haka ka sa ISO (ƙarfin jin haske) a 100, buɗewar lens, wato gilashin gaban kyamara, a f/8, ka auna hasken da kan dutsen da rana ta buga, ka bar ƙasa ya yi duhu. Inuwa ana dawo da ita, amma inda haske ya ƙone ya yi fari fat, ya tafi ke nan. Ka sa taima na daƙiƙa 2 don kada hannunka ya girgiza ta. Kada kuma ka naɗe kaya da zarar rana ta fito, jira hasken ya bugi bango ɗaya ya dawo kan ɗayan, lokacin ne launin dutsen yake daɗi.

A wajen gyara, rage haske, ɗaga inuwa daidai gwargwado, ka gyara ɗumin launi. Don Allah kada ka cika launi har dutse ya koma ruwan lemo, wannan ya yi yawa a Instagram. Idan kuɗin Lightroom na wata-wata ya dame ka, manhajar darktable tana irin aikin, kuma kyauta ce a kwamfuta.

Waya? Na taɓa zuba kuɗi a wata don an ce megafiksel ɗinta ya haura 100. Tana da kyau wajen hoton 'yan uwa a Harami, kuma can ɗin ta fi sauƙin riƙewa. Iyakarta ke nan.

Ba ka tambaya ba, amma idan ka shiga Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta ta Ikeja, kada ka bi yaran da ke tare mutum a bakin titi. Shiga shago mai rasit. Ka ce a nuna maka adadin hotunan da kyamarar ta taɓa ɗauka, D750 an gwada shatarta, wato labulen da ke buɗewa duk ɗaukar hoto, kan 150,000, wadda ta kusa nan sai a rage maka kuɗi sosai. Cire lens ɗin ka haska shi da tocilan waya, in ka ga zare-zare kamar saƙar gizo-gizo a ciki, fumfuna ce, danshin Legas ke kawo ta, ajiye musu abinsu. Ɗauki farin bango a f/16 ka duba tabo. Memori da batir na jabu sun yi yawa, ka gwada su a gabansu kafin ka tura kuɗi.

Ka haɗa da lens 24-120, batir biyu saboda sanyin asuba yana shanye caji, da ɗan famfon hura ƙura. Lens ɗin ka ɗaura shi tun a masauki, kada ka buɗe cikin kyamara a filin yashi.