Sharhi kan zanen masuntan Jamestown da na sa aka yi mini a Akra

Aikin da zan yi sharhi a kansa zane ne na fentin mai a kan ƙyalle, wanda na ba wani matashin mai zane kwangilarsa a Akra, babban birnin Ghana, kuma yanzu yana rataye a ofishina a Kano, inda ya riga ya ga hunturu da damina. Faɗinsa ya ɗan haura mita ɗaya. Abin da ke cikinsa masunta ne suna jan taru daga teku zuwa gaɓa a Jamestown, tsohuwar unguwar 'yan ƙabilar Ga, mata kuma suna tsaye daga baya da daro a hannu suna jiran kifi.

Sha'awar irin wannan zane ta kama ni ne a gidan baje zane na Artists Alliance da ke kan hanyar bakin teku a unguwar La, wanda Farfesa Ablade Glover ya kafa. An haifi Glover a shekarar 1934, ya daɗe yana koyarwa a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, kuma ya yi suna wajen zana cincirindon jama'a a kasuwa, a tashar mota, a bakin teku, har da sahun masallata, yana ɗora fenti da kauri da wuƙar fenti maimakon buroshi. Bayansa an samu matasa irin su Amoako Boafo, wanda ke shafa fentin fatar mutum da yatsunsa, waɗanda suka sa duniya ta waiwayi zanen mutane na Ghana. Farashin waɗannan manya ya fi ƙarfin aljihuna, shi ya sa na nemi matashi mai zaman kansa, wanda ba shi da wata alaƙa da wancan gida, na ba shi aikin.

Abin da ya sa nake ganin kuɗina bai tafi a banza ba shi ne yadda ya zana jikin mutum yana aiki. Yawancin zanen bakin teku da ake tallatawa a intanet na masu shaƙatawa ne, an kishingiɗa a ƙarƙashin lema ana kallon ruwa, amma a gaɓar Akra teku wurin neman abinci ne, kuma wannan matashi ya san haka domin a cikin masu neman ya tashi. Mazan da ke riƙe da igiya duk sun jingina da baya, diddigensu ya nutse cikin jiƙaƙƙen rairayi, kafaɗunsu sun karkata gefe guda, ta yadda mai kallo yana jin nauyin tarun tun kafin idonsa ya kai gare shi. Akwai wani dattijo a tsakiyar layin wanda ya naɗe igiyar a ƙugunsa maimakon ya riƙe ta da hannu, bakinsa a buɗe kamar mai ba da amshi, kuma a kansa idon duk baƙon da ya shigo ofishin yake fara sauka. Fatar mutanen ba baƙi ɗaya aka shafa mata ba. Akwai ja mai duhu a inda rana ta bugi kafaɗa, akwai shuɗi-shuɗi a inuwar wuya, akwai kuma ɗan fari a ƙwauri inda gishirin teku ya bushe. Wannan abu na ƙarshe ba ya zuwa wa wanda ya kwafi hoton waya kawai, sai wanda ya tsaya a wurin ya lura.

Ruwan ma ya ba shi gaskiyarsa. Tekun Gini, wanda Akra ke bakinsa, ba shuɗi ne garau ba, launinsa tsakanin toka ne da kore, raƙumansa suna da ƙarfi, kuma haka ya zana shi, bai ƙawata shi don ya burge mai saye ba. Ya shaida mini cewa fuskokin ya zana su ne a ranakun Talata, domin bisa al'adar masuntan Ghana ba a fita kamun kifi a ranar, sai a zauna a bakin gaɓa ana ɗinkin taru da gyaran kwalekwale, a lokacin ne mutum ke samun wanda zai zauna masa a natse. Kwalekwalen da ke gefen hagu, irin waɗanda ake sassaƙawa daga gungumen itacen da ake kira wawa a Ghana a ƙawata su da tuta da rubutu, ya fito da kyau ƙwarai.

Inda aikin ya gaza shi ne wajen matan. An ba mazan lokaci, su kuma matan an yi gaggawarsu: fuskokinsu kusan iri ɗaya ne, hannun ɗaya daga cikinsu ya fi ƙarfin jikinta, goyon da ke bayan wata kuma ba shi da nauyi ko kaɗan, kamar ƙunshin tsumma aka ɗaura mata. Wannan ya dame ni, domin a wannan sana'a mata ne ke sayen kifin, su yi bandarsa, su kai shi kasuwa, kuma sau da yawa da kuɗinsu ake fita kamun kifin. Bai kamata su zama cikon wuri ba. Hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai launin ja da fari da ya saka can nesa ita ma ba ta ƙara komai ba, illa ta sanar da baƙo cewa Jamestown ce.

Game da mu'amala, na biya rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami, ya turo mini zanen gwaji na fensir ta WhatsApp, muka daidaita kan tsayuwar mutanen kafin ya taɓa fenti, kuma duk gyaran da na nema a wannan mataki ya karɓa ba tare da gardama ba. Aikin ya wuce lokacin da muka yi alkawari sosai, amma dalilinsa karɓaɓɓe ne, tunda fentin mai da aka ɗora da kauri yana jinkirin bushewa, balle a gari mai laima kamar Akra. Ya kuma gaya mini gaskiya cewa ba zai shafa man kariya na ƙarshe ba sai zanen ya yi aƙalla wata shida, wanda shi ne abin da masu wannan sana'a ke bi.

Babban ƙorafina a kan aikowa ne. An cire ƙyallen daga katakonsa aka naɗe shi cikin bututun kwali, wanda ba laifi ba ne, sai dai an naɗe shi fenti na ciki, alhali ƙa'ida ita ce fenti ya kasance a waje don kada ya matse ya tsage. Sakamakon haka akwai 'yan tsage-tsage siriri a kumfar ruwan, inda fentin ya fi kauri. Mai zanen ya amsa laifin, ya rage mini wani abu daga cikon kuɗin, amma tsagar tana nan. Bayan haka sai hunturun Kano ya yi nasa: katakon da kafinta ya ɗaura ƙyallen a kai bai gama bushewa ba, ya ɗan lanƙwashe, dole aka sake shi da busasshe. Ƙura kuwa tana maƙalewa a tudun fentin, kuma buroshi mai laushi busasshe ne kaɗai ya dace da ita, ban da jiƙaƙƙen tsumma.

Na san akwai 'yan uwa da ba sa rataye hoton mai rai a gida saboda dalilin addini, kuma ina girmama wannan matsayi. Ni ma ban sa shi a ɗakin da ake salla ba. Ga wanda yake da niyyar sa a yi masa irin wannan aiki, ina ba da shawarar ya nemi ganin yadda mai zanen ke yin hannu da ƙafa da fuskar mata kafin ya biya ko sisi, ya rubuta yadda za a naɗe ƙyallen a cikin yarjejeniya, sannan idan arewa zai kawo shi, ya tanadi busasshen katako da bango wanda rana ba ta bugunsa kai tsaye. Ni dai zan sake ba wannan matashi aiki, kuma a karo na gaba matan da ke bandar kifi a Chorkor, wata unguwar masunta a Akra, nake so ya zana mini, su ne a gaba.