Kwalekwalen filawud a kan duwatsun Kogin Kaduna

Bara na sayi zanen wani kwalekwale ta intanet, irin wanda ake haɗawa da filawud ba ƙusa ko ɗaya. Mai zanen ya ce don kogi marar zurfi mai duwatsu ya yi shi. Na ce to, ga Kogin Kaduna da rani, a nan za a san na ƙwarai.

Aikin kusan dukanci ne. Filawud biyu, kowane ƙafa 8 da 4, kauri milimita 6, ka yanka bisa zane, ka huhhuda gefe, ka ɗinke da wayar tagulla. Sai ka bi haɗin da gam ɗin ifoksi, wanda ruwa biyu ne ake kwaɓawa su daskare, da ƙyallen faiba, wato yadin zaren gilashi, in ya kama ka zare wayar. Ranar da na tsuke wayoyin, allunan suka lanƙwashe suka zama jirgi, kafintan da ya ara min zarto ya daina yi min dariya. Wajen awo kam ban ga laifin zanen ba, komai ya zauna daram.

Sai dai mai zanen bai san zafin Maris ba. Ifoksi in ya ji zafi ba ya jiran kowa. Kwaɓin farko da tsakar rana na yi shi, ban shafa rabi ba kofin robar ya ɗau zafi a hannuna, sauran ya daskare kamar dutse. Daga ranar sai bayan sallar asuba nake kwaɓawa, kaɗan-kaɗan. Filawud ɗin kuma ba na kabad ba ne, na ruwa ne, wanda gaminsa ba ya saki in ya jiƙe, galibi na itacen okume na ƙasar Gabon. Tsada gare shi, kuma sai daga Legas aka kawo min.

A ruwa ya burge ni. Ni kaɗai nake saɓa shi a kafaɗa. Da yake gindinsa shimfiɗaɗɗe ne, ruwan da bai wuce tsakiyar ƙwauri ba ya ishe shi, inda masunta ke sauka su ja nasu na katako ni sai in wuce a zaune. Amma iska kaɗan ta taso sai ya yi ta juyi, har wani dattijo mai jefa birgi ya ce min, "Ɗana, wannan jirgi ne ko ƙwarya?" Na ce, "Baba, ana dai koyo." Da na sassaƙa filafili mai baki biyu ya fara bin hanya.

Ƙorafina yana gindin jirgin. Zanen ya ce a sa faiba a wuraren haɗi kawai, sauran fenti ya isa. Bai isa ba. A fita ta uku na hau wani dutse da ke kwance ƙarƙashin ruwa, na ji ƙarar har cikin haƙorana. Da na kife shi a gaɓa sai ga karce tsawon kamu biyu, fenti ya tafi, fatar filawud ta buɗe tana shan ruwa. Mako guda ya yi yana bushewa a inuwa. Na goge da samfefa, na lulluɓe gindin gaba ɗaya da faiba, na manna siraran katakon maɗaci uku daga kai zuwa wutsiya, na sake fenti, don rana tana cin ifoksi. Ya ƙara nauyi, kafaɗata ta shaida, amma yanzu maɗacin ke shan dukan.

Wanda zai sayi irin wannan zanen ya sa kuɗin ƙarin faiba a lissafi tun farko. Nawa dai tun saukar damina yana rataye a zaure, don ruwan Agusta ba sa'ansa ba ne.